Binciken da Aka Yi a Fadamarmu, Yaushe Zai Shigo Aji?

A watan jiya ne ɗaliban digiri na biyu da na uku na wata jami'a da ke maƙwabtaka da mu suka gudanar da taron gabatar da bincikensu a kan kare muhalli. Wannan reshe ya samu takardar gayyata, abin da ba mu saba gani ba, domin malamin firamare ba kasafai ake tunawa da shi ba idan manyan masana za su zauna. Shugabannin reshe suka ga bai dace a mayar da hannun kyauta baya ba, suka biya wa mutum uku kuɗin mota. Waɗannan 'yan uwa sun zauna tun daga buɗe taro har rufewa, sun dawo da bayani mai daɗin ji, sun kuma dawo da wata damuwa da muke ganin ta shafi kowane malami da kowane uba a wannan yanki.

Bari mu fara da abin farin ciki. Matasan da suka hau mumbari 'ya'yanmu ne. Da yawansu a ƙasa suka zauna a azuzuwan da muke koyarwa, a kan tabarma ko a kan buhu, suka koyi baƙi da wasali a hannun malamai irinmu. Ɗaya daga cikinsu, da aka tashi hutun salla, ya hango tsohon malaminsa na aji uku cikin wakilanmu, ya ratso jama'a ya durƙusa ya ce, "Malam, ashe kana nan? Da na sani da bakina ya yi rawa." Duk wanda ya daɗe yana riƙe alli ya san abin da irin wannan gaisuwa take yi wa zuciya. Kowannensu an ba shi ɗan lokaci kaɗan ya yi bayani da majigi, sannan malamansa su yi masa tambayoyi masu zafi. Wasu sun yi magana a kan rairayin da ke binne gonaki a arewacin Jigawa da Yobe, wasu a kan itacen girki da gawayi, wasu a kan ledar da ke toshe magudanan ruwa a birane. Amma abin da ya fi yawa shi ne kogin Haɗeja da fadamarsa, da ciyawar nan da ta hana mu sakat, wato kacala.

A nan ne damuwar ta taso. Sunayen garuruwan da ke fitowa a jikin allon majigi namu ne. Hoton ginin ajin da ruwa ya yi wa zane har wuyan taga, ɗaya daga cikin wakilanmu ya gane shi, domin ya yi shekara huɗu yana koyarwa a cikinsa. Takardun tambayoyin da aka harhaɗa aka fitar da alƙaluma kuwa, kowa ya san yadda ake cika su. Ɗalibi yakan sauka a ƙauye da takardarsa daga jami'a, a kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce a kira hedimasta. Hedimasta ya haɗa shi da malami ɗaya ko biyu, su bi shi gida gida suna fassara tambaya daga Turanci zuwa Hausa, suna mayar da amsar manomi da masunci da mai sayar da itace zuwa Turanci. Da ɗan gari akan ci gari. Malamin ne ke lallashin dattijon da ke tsoron ko haraji za a ɗora masa, shi ne kuma ake tsarewa a kasuwa bayan shekara guda ana tambaya, "Malam, wai ina labarin yaron nan da ya rubuce mu?"

Da wakilinmu ya ɗaga hannu ya tambayi inda waɗannan ayyuka ke zuwa bayan an ba da digiri, an amsa masa cikin ladabi da gaskiya. Kundi yana zuwa ɗakin karatu na jami'a, wanda ya yi sa'a kuma a buga wani yanki nasa a mujallar masana, galibi ta ƙasar waje, da Turancin da ko mu masu takardar NCE sai mun ajiye ƙamus a gefe. Ƙauyen da ya ba da amsa ba ya samun ko shafi ɗaya. Makarantar da ta ba da benci da ruwan sha da tafinta, ita ma haka.

Domin a gane girman abin da ke wuce mu, ya kamata mu tsaya a kan labarin kacala, kamar yadda masana suka daɗe da fahimtarsa. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa. A wajajen Gashuwa ruwansu ke gamuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ke tafiya har Tafkin Chadi. A zamanin iyayenmu kogin Haɗeja yakan cika ya tumbatsa da damina, ya malale fadama, sannan ya janye da rani har a taka yashinsa da ƙafa. Wannan cika da janyewa shi ne arzikin yankin: a noma shinkafa a kan ruwa, a bi sawun ruwan da wake da sauran amfanin rani, masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da dabbobi su ci ɗanyar ciyawa lokacin da jeji ya bushe. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Ba mu musun amfaninsu, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su kuma ake noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai sun sauya halin kogin. Ambaliyar damina mai wanke hanya ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana kogin bushewa. Kacala ba ta son komai kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da ta samu haka sai ta kafu, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanya ta cushe. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali sai ya karkata, mafi yawansa ya bi ta Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, alhali wasu a can ƙasa suna kukan ƙishirwa.

Sauran kuwa ba sai an gaya wa malamin Guri ko Kirikasamma ko Auyo ba. A cikin kacala tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito da asuba su faɗa wa shinkafa da gero, shi ya sa idan amfani ya kusa nuna rajistarmu takan cika da alamar fashi, yara suna gona suna kaɗa gwangwani. A cikinta sauro ke hayayyafa. A ruwan da ta tsare ne dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ke zama, kuma babu malamin da bai taɓa ganin yaro ya dawo daga bayan aji a tsorace saboda ya ga jini a fitsarinsa ba. Ashe fashin yara da zazzaɓinsu da fitsarin jininsu duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma bakin igiyar yana can a wata madatsa da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: a wane aji ake koyar da wannan? Littafin kimiyya da ke hannunmu yana da babi a kan muhalli, yana lissafa gurɓatar iska da ta ruwa da ta ƙasa, da hoton hayaƙin masana'anta da malalar mai a teku. Yaron da ya shigo makaranta cikin kwalekwale yakan haddace wannan ya rubuta a jarrabawa ya ci, ya fita bai san dalilin da ya sa gonar ubansa ta zama tafki ba. Bai san cewa tafkin Nguru da hanyar Marma suna cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000 ba, ko cewa Baturiya ta shiga jerin a 2008. Yana ganin agwagin ruwa da hunturu a Dagona da Baturiya, bai san wasunsu daga Turai suka taso suka ƙetare Sahara ba. Gaskiyar magana, da yawa daga cikinmu malamai ma ba mu sani ba, domin ba a koya mana a kwalejin ilimi ba.

Kuma kada a ɗauka ilimin sabo ne. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar Haɗeja da Nguru ke samarwa na noma da su da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malali fadama ya fi kawo amfani a kan daidai wannan ruwa idan aka tsare shi don noman rani a sama. Ana karanta wannan aiki a jami'o'in duniya. Fiye da shekara talatin ke nan, amma bai tako ƙofar makarantar firamare ko ɗaya a cikin fadamar da aka yi shi ba. Haka nan a kwarin kogin Senegal, inda kacala ta mamaye bayan gina madatsar Diama a 1986, mutanen Muritaniya sun koyi sarrafa ta su yi gawayin girki. Matar da ke sayen itace da tsada a Haɗeja, ga kacala a bayan gidanta, ta cancanci ta ji wannan labari, ko da a ƙarshe za a ce hanyar ba ta dace da mu ba.

Ba ɗaliban muke zargi ba. Mun san yadda suke karatun: yawancinsu da albashinsu ko da taimakon 'yan uwa suke biyan kuɗin makaranta da na zirga-zirga, kuma ba a ba da digiri don an yi wa mai unguwa bayani. Abin da ake auna su da shi suke yi. Saboda haka maganarmu ga masu aunawar take. Muna roƙon hukumomin jami'o'in da ke kewaye da mu, a Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa da Kano, su duba yiwuwar sanya sharaɗi ɗaya mai sauƙi: duk ɗalibin da ya tattara bayanai a wani gari, kafin a sa hannu a kundinsa, ya rubuta taƙaitaccen abin da ya gano cikin shafi biyu da harshen mutanen garin, ya kai wa mai gari kofi ɗaya, makarantar garin kofi ɗaya. Idan Hausar ce ke ba shi wuya, kamar yadda takan ba wanda ya daɗe yana tunani da Turanci, ga mu. Fassara sana'armu ce ta kullum, tun daga ƙararrawar safe har tashi. Wanda ya iya fahimtar da ɗan shekara tara yadda ruwa ke zama tururi, ba zai kasa mayar da shafi biyu Hausa ba. Shi ma ɗalibin zai ƙaru, domin wanda ya tsaya gaban masunta ya karanta musu sakamakonsa zai ji gyaran da babu farfesan da zai yi masa.

To, amma laifi tudu ne. Kafin mu gama hango na jami'a, mu sauko mu dubi namu. Shekara nawa muka yi muna bikin dashen itatuwa? A kawo dashe a mota, a jera yara, babban baƙo ya tsuguna ya dasa ɗaya a ɗauki hoto, a watse. Makaranta ba katanga, ba rijiya, hutun ƙarshen shekara ya zo, awaki su yi abin da suka saba. Baɗi a sake haƙa rami a daidai inda aka haƙa bara. Ba mu taɓa ƙirga nawa suka rayu ba, domin babu wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu tambayi kanmu ba. Wata ɗaliba a taron ta taɓo wannan batu, wakilanmu suka ce sai da suka sunkuyar da kai.

Ga kuwa darasi a kusa da mu, a wurin 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarar 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Maimakon a sayo dashe, sai manomi ya zaɓi tofo mafi ƙarfi a kan kututture, ya rage sauran, ya kare shi. Manoman suka kira abin sassabin zamani, suka yaɗa shi gona zuwa gona har Damagaram. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Babu famfo a wannan aiki, babu bokiti, wuƙa ce da haƙuri. A bayan kusan kowace makarantarmu ta karkara akwai sabara da kalgo da aduwa da magarya da muke sa yara su sare ranar share fili. Ɗan aji biyar zai iya koyon sassabin zamani a darasi ɗaya, kuma zai kai shi gonar gidansu kafin mu gama rubuta rahoto. Maraɗi ba nisa gare ta ba, harshenmu ɗaya, amma sai a bakin ɗalibin jami'a, cikin Turanci, wasu daga cikinmu suka fara jin labarin.

Akwai kuma wata dukiya a hannunmu da ba mu san darajarta ba. Ɗaliban sun yi ta kukan ƙarancin tsofaffin bayanai: tauraron ɗan adam yana nuna inda ruwa ya kwanta, amma ba ya faɗin ranar da ya shigo gari ko abin da ya biyo baya. Wakilanmu suka dubi juna, domin sun san inda wannan bayani yake. Yana cikin littafin tarihin makaranta, wanda muke kira logbuk, da ke cikin kabad ɗin kowane hedimasta. A ciki ne magabatanmu suka rubuta da hannunsu cewa ran kaza ga watan kaza ruwa ya shiga aji, an rufe makaranta mako kaza. Ran kaza iska ta kwashe rufi. A shekara kaza rijiya ta ƙafe. A wata kaza fari ya sa iyaye sun yi ƙaura da yara. A ƙauyuka da yawa babu wata takarda da ta kai wannan littafi tsufa da tsari. Ambaliyar 2012 tana ciki, da ta 2020, da ta 2022 wadda ta mayar da azuzuwanmu masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Abin baƙin ciki, wasu littattafan gara ta ci, wasu ruwan da suke ba da labarinsa ne ya tafi da su, wasu kuma an daina rubuta komai a cikinsu sai ziyarar sufeto. Idan muna son jami'a ta ɗauke mu abokan aiki, ba 'yan rakiya ba, to ga abin da za mu shiga da shi. Ma'aunin ruwan sama ma ba wani abu ne mai tsada ba. Makaranta goma a ƙaramar hukuma ɗaya, kowacce da ma'auni da ɗan littafi da yara biyu masu dubawa kowace safiya, cikin shekara biyar za su tara abin da mai bincike zai yi tattaki ya nema, yaran kuma sun koyi awo da jadawali da hannunsu.

Wani zai ce, malamin da ke da yara tamanin a aji, ga ƙarin girma da ya maƙale, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, shi za a ƙara wa aikin ƙirga ruwan sama? Tambaya ce mai nauyi, kuma wannan ƙungiya ba za ta yarda a mayar da malami ɗan aiken kowa a kyauta ba. Duk mai binciken da ya ɗauki malami tafinta na kwana da kwanaki, ya biya shi haƙƙinsa, ya kuma ambaci makarantar a kundinsa. Wannan ma yana cikin abin da za mu rubuta. Amma akwai bambanci tsakanin aikin da aka ɗora mana da wanda muka ɗauka don darasinmu ya yi ma'ana.

Daga nan ne maganar ta komo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato hutun ƙaro karatu. A cikin duk waɗanda suka gabatar da bincike a taron, wakilanmu ba su ga malamin firamare ko ɗaya ba. Ba don babu masu ƙwaƙwalwa a cikinmu ba ne. Muna da 'yan uwa da suka yi digirin farko ta hanyar karatun hutu, da kuɗin aljihunsu, suna kwana a aji a kan tabarma, suna kuma da burin ci gaba. Takardun neman izininsu kan yi watanni a kan tebur, wani lokaci amsar ta zo bayan an rufe rajista. Wanda ya gaji ya tafi ba izini, a tsayar masa da albashi. Wanda ya kammala da kyar kuma, sau da yawa firamare ta yi asararsa ke nan, domin babu abin da sabuwar takardarsa za ta ƙara masa idan ya zauna. Malamin da ya shekara ashirin a bakin fadama, ya san wace shekara kacala ta iso mashigin garin, ya san iyalan da suka tashi da inda suka koma, shi ya fi cancanta ya tsaya a wancan mumbari. Muna kira ga shugabanninmu na jiha su sanya wannan batu a gaba a zamansu da hukuma: a fitar da ƙa'ida bayyananniya, a sa wa'adin amsa takarda, a ware gurbi ko da kaɗan ne kowace shekara, a kuma yi wa wanda ya dawo aji da babban digiri matsayin da zai riƙe shi.

A nasa ɓangaren, reshe ya ɗauki alkawarin rubuta wa waɗanda suka shirya taron wasiƙar godiya, tare da roƙon su ba mu ɗalibai biyu ko uku da za su zo taronmu na zango mai zuwa su maimaita bayaninsu da Hausa, a gaban malamai da 'yan kwamitin makarantu da duk uban da ke da sha'awa. Ɗakin taro namu ne, kuɗin motarsu kuma za mu nema a asusun reshe. Muna kuma roƙon kowane shugaban makaranta ya buɗe kabad a wannan mako ya duba halin da logbuk ɗinsa ke ciki. Wanda ya samu tsoho, komai yagewarsa, ya zo da shi taron wata domin a ɗauki hoton shafukansa a adana. A naɗo shi cikin leda, don hadari ya fara haɗuwa a gabas.